Rumfar Haj Ɗayyib

A Gadarif, bayan kasuwar riɗi,
a saman shagon mai walda,
nan muke, mu uku da fanka ɗaya.
Rumaisa'u ce mai zane da launi,
Abdulbaƙi na saƙa abin da ido ba ya gani,
ni kuwa mai riƙon igiya:
in ja nan, in sassauta can,
in sha zafin kowa.

Haj Ɗayyib ya hawo matakala yana haki,
da ƙaiƙayi a gefen jallabiya.
Ya ce, "Ku kafa mini rumfa a intanet,
wadda ba a rufe ta ko ana ruwa.
Mai saye daga Bur Sudan ya taɓa, ya ga farashi,
ya zaɓi fari ko ja, ya biya."
Na ce, "Sai me?" Ya ce, "Shi ke nan."
Na rubuta shi ke nan ɗin a takarda,
na miƙa masa biro, ya yi dariya:
"Ni da kai har sai da sa hannu?"
Na ce, "Haj, baki yakan manta,
tawada ce ba ta jin kunya."

Ya ba da kafin alƙalami, muka yanka wa'adi.
Mako shida. Na ja su a bango
kamar kunyoyin gona,
kowace da sunan mai nomanta.

Mako na biyu ya bugo da asuba:
koren nan ya yi duhu, a sauya.
Na uku, ɗansa Mu'awiya ya zo hutu,
ya ce sai an sa tarakta mai motsi a fuskar shafi.
Suruki ya aiko: a ƙara ƙaro da dawa.
"Ɗan abu ne kaɗan," in ji kowa.
Da ɗan abu kaɗan jaki yake durƙusawa.

Rumaisa'u ta daina gaishe ni.
Idon Abdulbaƙi ya koma garwashi.
Na naɗe takardata, na same shi a gaban sikeli,
na jira har ya kurɓi gahawa.
Na ce, "Kowane ƙari buhu ne, Haj.
In zai hau mota, a auna shi,
yana da kuɗinsa, yana da kwanansa."
Ya daɗe yana kallona.
Ya ce, "Ashe kai ma ɗan kasuwa ne."
Ya soke dawa, ya bar tarakta.

Ranar gwaji ban kira masu ilimi ba.
Na kai wa Baba Jibir dillali,
mai waya da tsagaggen gilashi.
Ya taɓa. Ƙaramin zobe ya yi ta juyawa,
tarakta ta maƙale a hanya.
Ya ce, "Yaro, ina farashin?
Kuma yatsana ya fi wannan maɓalli faɗi.
Da ciniki ne, da tuni na wuce rumfar gaba."

A daren muka sauke tarakta,
Mu'awiya ya yi fushin kwana biyu.
Muka ɗora farashin yau a goshi,
maɓalli ya yi girman dabino.

Ranar buɗewa wuta ta ɗauke.
Janareta ya yi tari uku kafin ya yarda.
Muka zauna, ba mai ko motsi,
ana jin walda a ƙasa tana tsartuwa.
Gab da la'asar wayar Haj ta yi ƙara:
buhu arba'in, fari, an biya.

Bai ce madalla ba. Ya lissafa da yatsu,
ya cika mana ragowar kuɗinmu,
ya kama hanyar matakala.
A bakin ƙofa ya tsaya, ya waiwayo:
"Dama akwai wani ɗan abu kaɗan…"

Rumaisa'u ta dube ni.
Na jawo sabuwar takarda.