Wanda Na Tarar a Bayan Randa

Kwana uku ruwa yana zuba a Ejinrin,
kwanon rufi har ya gaji da surutu.
Da ya tsagaita na fito da sassafe
in ciyar da tarwaɗun Baba Ajani,
aikina ke nan shekara bakwai.
Na jawo buhun abincinsu daga bayan randa,
sai ga shi.

Ba ƙadangare ba ne, na san ƙadangare
mai gyaɗa kai kamar ana yi masa wa'azi.
Ba tsaka ba, ba damo ba,
ba guzan da ke satar mana kifi da rana tsaka ba.
Ya so ya yi kama da kulɓa,
amma kulɓar da ta kwana cikin lalle:
baya ruwan tagulla,
gefe ja wur, garwashin da aka hura,
ga baƙi da fari a haƙarƙari,
tsagar wani dangi da ban taɓa jin labarinsu ba.

Na lalubo waya a aljihu,
gilashi a tsage, caji saura ƙiris.
Na durƙusa cikin taɓo, na riƙe numfashi.
Hoton farko babban yatsana ya rufe.
Na biyu randa ce kawai da inuwa.
A na uku ya juyo,
ya dube ni duban mai gida ga ɗan haya,
maƙogwaronsa na bugawa a hankali,
nawa na bugawa da sauri.

Iya Moriamo ta leƙo ta kan shinge, ɗauke da kwandon ƙayau.
Ta faɗi sunansa da Yarbanci,
sunan ya sulale mini tun kafin in kama shi.
Ta ce kakarta ma ta san irinsa a nan,
tun ba a haƙa kududdufi ko ɗaya ba.

Na tura hoton gida, Gumel.
Tanimu ya ce, kashe shi, ƙila da dafi.
Inna aka kai wa wayar har bakin murhu,
ta daɗe tana kallo,
ba ta ce komai a kansa ba.
Ƙafata ta gani a gefen hoton,
ta ce, yaron nan yana cin abinci kuwa?

Kafin in ɗago ya shige ƙarƙashin ruɓaɓɓen ganyen ayaba,
ko wutsiya bai bar mini ba.
An ce baƙo raɓa ne.
To, raɓa ta riga ta bushe a kan ganye,
ni ne har yanzu a durƙushe.

Na mayar da buhun,
amma ban matsa shi jikin bango ba.
Na bar faɗin tafin hannu.

Da dare, sauro na kiɗa, fitila ta mutu,
na buɗe hoton, na ja shi da yatsu biyu
har idonsa ya cika fuskar wayar.
Akwai wani ɗigo a ciki, mai hula.
Ban tabbata ba.