Lissafin da Ya Gagare Ni

Shekara goma sha ɗaya ina koyar da lissafi
a makarantar da ke bayan Gangare,
inda sanyi ke riga ɗalibai shiga aji.
Na iya tarawa, na iya rabawa,
na iya zaƙulo lambar da ta ɓuya.
Amma rajistar da ke hannuna
kallon makaho nake yi mata.

Tasalla Ɗanjuma.
Shiru.
Sai in ɗiga jan biro in wuce.
Litinin, Talata, Laraba, Alhamis,
ɗigo huɗu a jere
kamar sawun kazar da ta taka kwalba.
Ran Juma'a ta dawo, kai a sunkuye.
Na ce miƙo hannu.
Bulala uku. Ko uffan.
Ta koma benci ta warware tambayar
da ta kayar da samarin ajin duka.
Na ce a raina: ga kai, amma ga lalaci.
Allah ya yafe mini.

Kangyang ce, abokiyar zamanta,
wadda suke raba biro da ƙosan safe,
ta tsaya bayan an tashi.
"Malam, kai da ka iya lissafi,
ƙirga tsakanin ja da ja."
Na ƙirga: ashirin da takwas.
Na juya shafi: ashirin da tara.
Na sake juyawa.
Alli ya faɗi daga hannuna, ban ɗauka ba.

Ta ce audugar mata a shagon bakin titi,
ƙunshi ɗaya ya kamo kuɗin mudun gari.
Uwar Tasalla wankau take yi,
baki bakwai ke jiran tukunyarta.
Wa zai ce wa tuwo ya dakata?
Sai tsohon zane, a yaga shi huɗu,
a wanke da dare kada ƙanne su gani,
a shanya a ƙarƙashin gado.
Ga daminar Jos, kwana uku ba a ga rana ba,
tsumma ya ƙi bushewa.

Ta ce ran nan abin ya ɓullo ta siket.
Ta cire suwaita ta ɗaura a ƙugu,
haƙoranta na kaɗawa,
yaran baya na buga tebur.
Bayin makaranta ba ƙofa,
famfo ya shekara ko tari bai yi ba.
"Kai ma, Malam, ka ce ta taso ta zo allo."
Na tuna.
Ta ƙi tashi, na kira shi taurin kai.

Da dare na tambayi Asabe.
Ta aje ludayi, ta dube ni.
"Sai yau?
Ni ma haka Turanci ya wuce ni a aji biyu."
Shekara goma sha huɗu muna ɗaki ɗaya,
ban taɓa tambaya ba.

Ƙarshen wata na sayi kwali guda,
na kai wa Malama Rifkatu, ta kulle a durowa.
Kwana goma ya ƙare.
Na sake buɗe rajista, yanzu da ido:
ja a gaban Nanret,
ja a gaban Ummita, Godiya, Sa'adiya,
kowacce da kwanakinta.
Huɗu sau tara, talatin da shida.
Fiye da rabin zango kenan,
ake cire wa yarinya duk shekara,
sannan mu jera ta da maza mu ce a yi tsere.

Jarrabawa saura mako biyu.
Jiya na ƙirga da yatsu a ƙarƙashin tebur,
kamar ɗan aji ɗaya:
ranar lissafi ta faɗa cikin kwanakinta.
Albashi bai shigo ba.
Durowar Rifkatu ba komai sai alli.
Bulalar tana nan inda na aje ta,
na rasa wanda zan ce ya miƙo hannu.