Ginin Akwati

A Garun Gabas akwati muke ce masa:
rufi shimfiɗe kamar tabarma,
dogayen tagogi, bulo mai kafofi
yana tankaɗe rana a kan daɓe.

Shekara ashirin jemagu ke ba da darasi,
awakin Hansai ne 'yan aji.

Yau ni, Tsalha magini, ina kankare tsohon fenti
sai ga sunana a ƙasa,
rubutun ƙusa, harafin S ya ba da baya.

Injiniya ta ce kar a toshe kafofin,
iska ma ɗaliba ce.

Na liƙe tsaga, na shafe bango,
tafin hannu guda na bari.
Jikata Ladidi ta leƙo ta taga:
"Kaka, wa ya kasa rubutu a nan?"