Mai Alli

Ƙarfe biyun dare a Kakuri.
Janaretan maƙwabci ya yi tari sau uku, ya mutu.
Saura ni da batirin kwamfuta, kashi talatin da ɗaya,
da gwaji ɗari biyu da sha huɗu
da suka fito kore shar,
ban da guda.

Ja yake, kamar garwashin da aka manta a murhu.

Wata ma'aikaciyar asibiti ce ta rubuto daga Kachiya:
duk sunan da ya fara da harafi mai ƙugiya,
manhajar nan haɗiye shi take.
Ɗanladi ya zo awon jini, ya koma alamar tambaya.
Ƙasimu ya zama akwati fanko.
An kira, an kira, suna zaune a benci,
ba wanda ya amsa.

Layi sha bakwai kacal suka yi ɓarnar.
Wani ne ya rubuta su shekara tara baya,
a garin da ba harshen da ya taɓa lanƙwasa ɗ.
Ban ga laifinsa ba.
Kyauta ya zuba a rumbu, ya bar ƙofa a buɗe.
Gayya ce, kowa da fartanyarsa,
ba ka sanin fuskar mai nome kunyar da ke gabanka.

Babana, Jatau, shekara ashirin da biyu ya yi
a masaƙar bayan layinmu,
wadda yau jemagu ke kwana a cikinta.
Ko kamu ɗaya bai taɓa saƙawa ba.
Tsayuwa ce aikinsa, gaban fitila,
atamfa na wucewa, alli a hannu,
inda zare ya tsallake, ya shata.
Ba a buga sunansa a bakin zane.
Ya kan ce, ranar da mai ɗaurawa ta tuna da ni,
ranar na yi sake.

Kuskuren bai ci mini rai ba kamar shirun.
Can ƙasa na iske an rubuta:
in ka yi tuntuɓe, kama bakinka, wuce.
Na goge.
Wai kukan kurciya jawabi ne, mai hankali ke ganewa.
To, mace mai mutum sittin a layi
ina ta ga lokacin fassara kurciya?
Na ce da shi: in ka faɗi, yi magana da Hausar mutane.
Faɗi inda ka faɗi, faɗi abin da ka taka,
ka mayar wa mai suna sunansa yadda ya ba ka.

Sannan na shiga tsokana.
Na ba shi suna wofi.
Na ba shi suna mai tsawon Kawo zuwa Sabon Tasha.
Na ba shi Sa'adatu da ɗan waƙafinta a sama,
na ba shi 'Yar Baturiya, na ba shi lamba a gurbin harafi,
na ba shi abin da mahaukaci kaɗai zai rubuta,
don na san yana nan tafe,
wataƙila ma ni ne, ran da barci ya ci ƙarfina.

Ja.
Ja kuma.
Sauro ya samu idon sawuna, na ƙyale shi.
Kore.

Kashi huɗu ya rage sa'ad da na tura.
Ba mai biya na. Gobe ma da shago zan buɗe,
in gyara wayoyin da suka sha ruwa.

Da hantsi amsa ta zo
daga wani da ban san ko dare ne a wurinsa ba:
"Madalla. Sai dai a layi na arba'in
akwai sarari ɗaya da ya yi yawa."

Na ajiye kofin shayi, na yi ta dariya,
har yaron shago ya leƙo.
Baba, ashe can ma
akwai mai alli.