Maburgin Kaka

Zafin Agusta ya danne garin Uji,
gyare na ta ƙara a bayan gida.
Sumire ta sauko da kwanon tangaran
da ba a taɓa ba tun rasuwar kaka.

Cokali guda na garin maca, ta tankaɗe,
kore shar kamar gansakuka.
Ruwa ya tafasa, ta bari ya sha iska,
don mai zafi ɗaci yake tonowa.
Maburgin gora, haƙoransa biyu sun karye,
ta kaɗa, ta kaɗa, wuyan hannu kaɗai ke aiki,
har kumfa ta taso.

Ƙanƙara a kofin gilashi, ƙwal, ƙwal.
Madara, da ɗigon zuma.

Tsoho Noboru ya sauke jarida:
"Madara? A shayin da kakarki ke durƙusawa ta dama?"

Ba ta tanka ba. Ta tsiyaya koren,
ya nutse cikin fari yana warwarewa kamar hayaƙi.
Ta ajiye gefen gwiwarsa, ta koma wanke-wanke.

Can sai ƙarar ƙanƙara a kofin da ya ƙare.
"Wannan ba shayi ba ne," in ji shi.
"Gobe ki rage zumar."