Lissafin Dutse

Shekara talatin da ɗaya ina haƙa rijiya,
daga Mai Wurno har ƙauyukan bayan Sinja.
In diga ta ci karo da dutse a gaba ta tara
sai in durƙusa, in kara kunne, in ƙwanƙwasa sau uku.
Marmara tana amsawa kamar tsohuwar ƙwarya.
Baƙin dutse kurma ne, ko sallama ba ya karɓa.
Daga nan nake ce wa mai gona: kwana huɗu,
ko in ce mu kwashe kaya, a gwada wani wurin.

Yau ni ne rijiyar.

A Wad Madani, ɗaki mai sanyin da ban saba ba,
Likita Ihlas ta haska hoton cikina.
Ga shi nan, fari fat, a ƙodar hagu,
abin da ya hana ni ruku'u tun watan azumi,
ya sa na ciji hannun riga a bayan raksha.
Na zaci zan ga goriba.
Ashe bai fi ƙwayar wake ba.

Ba ta ƙwanƙwasa ba, ita da lamba take ji.
Ta ce milimita tara, girmansa bai tsorata ta ba.
Ta ce taurinsa ɗari bakwai da wani abu,
da ya haura dubu, da ta sake shawara.
Sannan ta ja layi daga fatar bayana zuwa dutsen
kamar yadda nake sakin igiya in auna zurfi.
Ta yi murmushi: Baba Gambo, ramarka ta yi rana,
da kai mai teɓa ne, bugun zai gaji a hanya.

Sai ta ɗan yi shiru.
Na san wannan shirun, ni ma ina yin sa.

Ta ce ya zauna a can ƙasa, a aljihun ƙoda,
ko ya fashe, ɓaraguzan sai sun hau tudu su fita.
Na ce likita, kada ki wahalar da bakinki,
fasawa daban, kwashewa daban,
na ga rijiyar da yashinta ya fi dutsenta gardama.

Bakwai cikin goma, in ji ta.
Na ce sauran ukun fa?
Ta ce mu sake bugu, in ya ƙi, mu bi shi da zare mai ido.
Ba ta rantse ba, shi ya sa na yarda.
Na taɓa rantse wa Jibir a gonar riɗinsa
cewa kwana huɗu ruwa zai ɓulɓulo.
Mun yi arba'in.
Har yau in mun haɗu a kasuwa yana ɗaga mini yatsu huɗu.

Suka kwantar da ni, matashin ruwa a kwiɓi,
suka shafa wani abu mai sanyi.
Tas. Tas. Tas.
Ba wuƙa, ba jini, guduma ce marar ƙota
tana ratsa nama ba ta gaishe shi ba.
Na ƙirga ɗari uku, lissafi ya kuɓuce mini.
Na koma sauraro, irin na sana'a,
ko zan ji muryar dutsen ta sauya.

Kwana shida ke nan ina gida.
Ina shan ruwan rijiyar da na haƙa da hannuna,
buta bayan buta, har Talatu tana tsokanata.
Ina tace fitsari da farin ƙyalle kamar mai neman zinariya.
Jiya tsaki uku suka fito, launin ƙasa,
na adana su a kwalin ashana.

Ran Laraba za a sake hoto.
Jikana ya tambaya ko ina cikin bakwai ɗin.
Na girgiza kwalin kusa da kunnensa,
na ce ji da kanka,
ni ban ƙara rantsuwa a kan abin da ke ƙasa.