Ratar Gashi Guda

A bayan layin dogo, gabashin Osaka,
inda jirgi kan girgiza kofin shayi duk minti bakwai,
tsohuwa Shigeko Terauchi ta dire mini abu biyu a tebur:
zoben jan ƙarfe,
da guntun tangistin, ƙarfen da ake zaren kwan lantarki da shi,
ƙarami kamar ɗan yatsa, nauyi kamar bashi.
Ta ce, "Haɗa su.
Inda za a kai su, wuta ce ci da shansu."

Na jawo kan walda. Ta buge mini hannu.
"Wa ya ce ka narkar da su?
Jan ƙarfe zai zama ruwa tun wancan bai yi gumi ba.
Bar kowa da jikinsa.
Na ukun ne ke narkewa."

Na ukun siririyar waya ce, zinariya da nikel,
tana kulle a aljihun tebur,
makullin na rataye a wuyanta.

Sati uku ba ta bar ni na kunna komai ba.
Goge, wanke, goge,
sai awo.
Tsakanin zobe da guntu akwai rata
wadda ba ta kai kaurin gashin gira ba.
Na auna da safe, na ce daidai.
Ta ce, "Daidai a sanyi.
In zafi ya zo, jan ƙarfe mai saurin buɗewa ne,
ɗayan kuwa ko a jikinsa.
Auna ratar da za ta kasance,
ba wadda kake gani ba."

Ranar da muka rufe tanderu,
famfo ya zuƙe iskar ciki har ba sauran numfashi.
Na manna ido a 'yar tagar gilashi.
Ja, sai ruwan lemo, sai wani fari-fari.
Wayar ta yi laushi, ta yi ƙyalli,
sai rata ta tsotse ta,
ta hau sama, ba mai tura ta,
yadda kananzir ke hawa lagwani.

Na ce mu buɗe. Ta ce mu je mu ci taliya.
"Mai gaggawar sanyaya aiki
da kunnensa zai ji ƙas."
Muka dawo ƙarfe huɗun asuba, ana yayyafi.

Zaren zinariya ya zagaye zoben tsaf,
sai wuri guda
da ya tsaya, ya kewaye wani tabo, ya wuce.
Ta sa madubin ido, ta daɗe,
sannan ta kama babban yatsana, ta juya shi sama.
Zanen ɗaya ne.
Na taɓa shi da hannu tsirara,
daƙiƙa guda, ina neman safa.

Ba ta yi faɗa ba.
Ta rubuta kuɗin wayar a bango da alli,
ƙarƙashin wani tsohon lissafi da ya kusa gogewa,
mai sunanta a gefe
da shekarar da ba a haife ni ba.

Guntun yana aljihuna har yau.
Goben ranar na zo da safa biyu,
ta miƙo mini wani zoben,
ta koma ga shayinta da jirgi ke girgizawa.